Dusar wata tara, farautar wata uku

Laraba

Babur ya sauke ni a ƙofar gidan Kawu da la'asar sakaliya, bayan na bar titin Kano zuwa Jos a wajen Tudun Wada. Hazo ya sauko har ba a hango duwatsun kudu, inda dajin Falgore ya fara. An gama girbi, dawa ta shiga rumbu, kara yana jingine tari-tari, an saki awaki suna kalen gonaki. Wannan ne lokacin da gari yake komawa hannun mafarauta. Da damina babu mai bi ta kansu, kowa yana duƙe kan fartanya.

Karnukan Kawu shida ne bana. Sun taso mini da haushi, ya daka musu tsawa daga zaure: "As! Ɗan gida ne." Suka koma gindin darbejiya suka kwanta, amma idonsu bai bar jakata ba.

Baƙo zai ce yunwa ce ta cinye su. Ciki a ɗame, haƙarƙari ana ƙirgawa, ƙafafu dogaye, baki tsini. Kawu ya ce karen da ya yi ƙiba ya tashi daga aiki, sai dai gadin motar Alhajin birni. An yanke musu kunnuwa tun suna kwikwiyo, wai don kada ƙaya ta yaga ko abin daji ya sami wurin kamawa. Ni ina ganin rabin dalilin alama ce kawai, don a san wannan na farauta ne, ba na bola ba.

Akwai Duna, baƙi, shi ne babba. Akwai Guguwa, karya, ita ce mai gudu. Sai Ƙyalle, sai Zamani ɗan shekara ɗaya, sai Bar-su da Sai-gani, waɗanda aka raɗa wa suna shekarar da Kawu ya yi rigimar iyakar gona da maƙwabcinsa. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar gida ya ƙwala kira, "Bar-su! Bar-su!" Maƙwabci ba shi da bakin kai ƙara wurin mai unguwa, tunda kare ake kira. An daɗe da shiryawa, suna kuwa ya zauna.

Alhamis

Ƙarar murfin tukunya ce ta tashe ni kafin assalatu. Inna ce, uwargidan Kawu, tsugune gaban wata tsohuwar tukunyar ƙarfe da ba a dafa abincin mutane a cikinta. Dusa take damawa a tafasasshen ruwa, ta ɓarɓasa ƙanzon tuwon jiya a kai. In ranar kasuwa ta zagayo, yara su samo ƙashi da tarkace a rumfar mahauta a ƙara. Kowane kare da kaskonsa, a jere a bayan danga, kuma sai Duna ya sa baki sauran suke matsowa.

"Inna, kullum haka?"

"Kullum ta Allah, ɗan nan. Da damina ma da ba sa kamo ko ɓera, ci suke yi. Malam da sunan karnuka, ni da hayaƙi."

Na zauna na yi lissafin a raina. Farauta ta sosai daga bayan girbi take zuwa lokacin da zafin bazara ya hana kare gudu, wata uku ke nan, in an matsa huɗu. Sauran shekara ci ne babu kamu. Dusa kuwa a garin nan ta mace ce: ita ta yi surfe, ita ke da abin da ya fita. Da ita take kiwon tinkiyarta da ragon da take sa ran sayarwa da Babbar Salla, kuma yanzu masu kiwon kaji suna bi gida-gida da kuɗi a hannu suna neman ta. Duk kwanon da ya shiga tukunyar ƙarfen nan, daga bakin ragon Inna aka cire shi.

Da hantsi aikin ya koma kan yara. Autan Kawu ya danne Ƙyalle tsakanin gwiwoyinsa yana cire masa kaska daga cikin kunne da tsakanin yatsu, yana jefawa cikin garwashi. Yayansa ya ja biyu zuwa rafi da guntun sabulu. Maganin tsutsar ciki a kasuwa ake saye, wurin mai maganin dabbobi, a cusa cikin loma.

In ana hirar farauta, gangi ake ambata da ƙaho da barandami da kirarin maza. Makaɗa irin su Kassu Zurmi sun wasa mazajen daji har sunansu ya zaga ƙasar Hausa. Ban taɓa jin an yi wa mai dama dusa kirari ba, alhali gudun da ake yabo a daji daga tukunyarta ya fito.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a inuwar tsamiya da Liman. Wani saurayi da ya dawo daga karatu a birni ya tayar da magana, ya ce gidan da ke da kare mala'iku ba sa shiga, kuma ladan mai shi raguwa yake kullum. Da Kawu yake, kowa ya gane.

Liman bai yi gaggawa ba. Ya ce hadisin raguwar lada gaskiya ne, amma a cikinsa aka toge karen farauta da na kiwo da na gona. Ya ce aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo wa mai ita. A mazhabar Malikiyya kuma kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne, ba don ruwan ya ƙazantu ba. Sai ya jero sharuɗɗa: kare ya zama horarre, in an cuna shi ya tafi, in an tsawatar ya tsaya, kai za ka sake shi daga hannunka, ka ambaci sunan Allah, in ya zabura da kansa ya kashe, ba a ci, in ka tarar da abin da sauran rai, wajibi ne ka yanka. Ya kawo labarin Adiyyu ɗan Hatim, wanda ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da tarar da wani kare tare da nasa a kan abin farauta, aka hana shi ci, domin a kan nasa kaɗai ya yi bisimilla. Shi ya sa kowane mafarauci ke bin karensa a guje da wuƙa a ƙugu.

Daga nan ya juya ga Kawu. Ya ce a Risala an karhanta farautar da ake yi don wasa, an halatta wadda ba ta wasa ba. "To kai wacce kake yi?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Allah gafarta Malam, da dai ta ci ce. Yanzu kuwa, a dai sa mu a addu'a."

Aka yi dariya, saurayin ma ya yi. Abin da bai lura ba shi ne karnukan Kawu ba su taɓa tsallake zaure ba. Kare a garin nan matsayinsa a bayyane yake: ana ciyar da shi, ana alfahari da shi, ana zagi da sunansa, kuma iyakarsa danga.

Yau da dare ba a ba su komai ba sai ruwa. Gobe fita.

Asabar

Ƙaho ya tashe mu. Kafin rana ta fito fili ya cika a bakin gari: namu, da na ƙauyukan kewaye, da wasu da suka kwano a hanya daga Kano cikin a-kori-kura, mutane da karnuka a cakuɗe a baya. Mai gangi yana kiɗa, samari suna tsalle suna kirari, layu da guraye har gwiwar hannu. Makamin yawancinsu gora ce da barandami. Masu bindigar toka ba su da yawa. Wani daga cikin 'yan birnin ya zo da dogon kare ja, ya ce irin na Buzaye ne na Azawak, arewa da Tawa a Nijar. Jama'a suka kewaye shi suna kallo. Kyakkyawa ne ba ƙarya, amma karen fili ne, mu kuwa sarƙaƙiya za mu shiga.

Sarkin Dawa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce ba shiga gandun gwamnati, ba sa wuta, ba ƙwace. Duk shekara haka yake faɗa. Gandun shi ne Falgore, wanda da ake kira dajin Kogin Kano, kogin da aka tare aka yi madatsar Tiga a 1974. Farauta a cikinsa haramun ce a doka, mu sai dai saura da bakin fadama da gindin duwatsun da ke wajensa.

Aka jeru kafaɗa da kafaɗa, tsakanin mutum da mutum kamar taku goma, kowa da karnukansa a igiya, ana tafe ana dukan ciyawa ana ihu. Sai can wani ya ce "Ga shi nan!" Zomo ya fito daga gindin sabara. Kawu ya yi bisimilla ya saki Guguwa da Zamani. Zomo ba ya yarda da gudu miƙaƙƙe: in kare ya buɗe baki zai cafka, sai ya yi zamiya gefe, kare ya wuce da ƙarfinsa. Aikin karnuka biyu ke nan, ɗaya ya kora, ɗaya ya tare kwana. Guguwa ta kora, Zamani ya yanke ta hagu ya ɗauke shi a zamiya ta uku. Kawu, mai furfura, ya isa wurin kafin ni, ya yanka, ya farke ciki ya jefa wa Zamani hanji da zafinsa.

"Karen bana shi ke maganin zomon bana," in ji wani dattijo. Kawu bai amsa ba, amma har azahar bakinsa bai rufu ba.

Gafiya kuwa ba gudu ake yi da ita ba. Duna ne gwaninta: ya shinshina rami ya tsaya yana tono, a toshe sauran ƙofofin, a tura hayaƙi, shi yana jira a bakin wadda aka bari.

Dokar Sarkin Dawa ba ta kai la'asar ba. Karnukan ƙauyuka biyu suka haɗu kan zabon daji guda, masu su suka haɗu a kansu, aka yi kare jini biri jini har aka fasa wa wani goshi da gora. Ƙwace tsohuwar al'ada ce a farauta, mai ƙarfi ya karɓe na marar ƙarfi, kuma akwai masu fitowa don ita kaɗai. Can yamma kuma hayaƙi ya tashi. Wani Bafulatani ya tare mu a hanya, ransa a ɓace, ya ce ciyawar da shanunsa za su ci har bazara ce aka ƙone don gafiya. Gaskiyarsa. Kowa ya ce ba shi ba ne.

Da muka taru da yamma na duba abin da jama'a masu yawan nan suka rataya: zomaye, gafiyoyi, kurege, damo, 'yan fakaru. Babu gada ko ɗaya. Rabon gidanmu zomo biyu da gafiya ɗaya. Kawu ya ce yana saurayi a nan wurin ake tayar da gada da barewa, gyado kuwa har gona yake shigowa, kuma mahaifinsa ya ga gwanki da idonsa. Bai ɗora wa aljanu ba. Ya ce gona ta ci saura, masu gawayi sun ci itace, wuta ta ci maɓoya, mu kuma muka ci ragowar. Dogon karen Azawak ya koma mota yana ɗingishi, bai kama komai ba.

Lahadi

Jiki ya yi tsami. Yara suna cire wa karnuka ƙaya da ƙarangiya daga tafin ƙafa. Inna ta raba naman: cinya gidan Liman, cinya gidan maƙwabcin nan na rigimar gona, ɗan abin da ya rage ta sa a miyar kuka. Ko sisi bai shigo ba. Da rana na ga ta ɗora tukunyar ƙarfe.

Litinin

Da hantsi wani baƙon kare ya shigo gari ta gabas, babu mai shi, miyau yana dalala, yana kai cizo ga duk abin da ya gifta. Ya ciji wata yarinya 'yar maƙwabta a ƙwauri tana dawowa daga rijiya. Bar-su ya tare shi, suka yi kokawa, kafin samari su cim masa da gora ya riga ya yaga wa Bar-su kafaɗa.

Kakar yarinyar ta sa a yanko gashin mataccen karen a ƙona a shafa a ciwon. Na roƙe ta ta bari a fara da sabulu. Muka zaunar da yarinyar, ana zuba ruwa ana cuɗa sabulu minti 15 cur, tana kuka, kakar tana yi mini kallon mugu. Wannan wankin shi ne taimakon farko, yana rage ƙwayar cutar tun ba ta kama jijiya ba. Amma ba ya isa. Ciwon haukan kare yakan kwanta a jiki wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, ciwon waje ya warke kowa ya manta. Ranar da alamu suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 daga kare ne, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ba abin mamaki ba ne, su ne masu zuwa rijiya, su ne masu cire kaska.

Ɗakin shan magani na garin ba shi da allurar. Uban yarinyar ya ɗauke ta a babur zuwa babban asibiti, sai bayan magariba suka dawo, an yi ta farko, ya bar kuɗin akuya a can. An ce su koma bayan kwana uku.

Na kira wani abokina likitan dabbobi. Ya tambaya ko an taɓa yi wa Bar-su rigakafi. Ba a taɓa yi wa ko ɗaya ba. Ya ce to ko dai a kashe shi, ko a ɗaure shi nesa da mutane da dabbobi na watanni ana lura da shi. Sauran biyar a kai su a yi musu allura. Ya ce maganin ba daga wata uwa duniya yake zuwa ba, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin sa. Kuma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar ba ta samun hanyar yawo. Na faɗa wa Kawu. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ɗauki sarƙa ya ja Bar-su bayan gari, gindin wata tsamiya a gonarsa.

Talata

Ranar kasuwa. Labari ya riga mu isa. Wani mai sayen karnuka, da kejin ƙarfe ɗaure a bayan babur, ya biyo Kawu har gida. Irinsu suna zaga ƙauyuka suna tara tsofaffin karnuka da waɗanda aka gaji da su, a kai kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato, daga can a loda su zuwa kudu inda ake cin naman. Ya ce ya ji akwai wanda ake son rabuwa da shi, zai biya nan take. Na ce masa karen da mahaukaci ya ciza ne. Ya ce ai bai nuna alama ba. Ta haka cuta ke shiga mota ta yi tafiyar da ƙafar kare ba za ta kai ta ba.

Kawu ya ce, "Wanda ya ci dusar gidana ba ya shiga tukunyar wani."

Daga bayan danga Inna ta ce, "Dusar wa?"

Mutumin ya tayar da babur ya tafi.

Da dare aka hura wuta a ƙofar gida, Sarkin Dawa ya zo jaje. Hira ta gangara kan inda farauta ta koma. Dazukan yamma da ake zuwa a yi sati, Kamuku da Kuyambana da Rugu, sun zama na 'yan bindiga, ba mai kai karensa can. Shi ya sa samari suke bin manyan motoci zuwa kurmin kudu da karnukansu, su yi watanni. Kowa a wurin yana tuna Uromi ta jihar Edo, inda a watan Maris na 2025 aka tare motar da ta ɗauko mafarauta masu komawa gida Salla, aka ga bindigogin toka aka ce masu satar mutane ne, aka kashe mutum 16, da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, nan kusa da mu. Wani ya ce amma ai mafarauta ne suka taimaka aka ƙwato Mubi daga Boko Haram a 2014, a lokacin kowa yabonsu yake. Sarkin Dawa ya ce haka abin yake, in ana tsoro a neme ka, in ka yi baƙunta a ji tsoronka.

Na tambayi Kawu kai tsaye: tunda nama ya ƙare, me ya sa shida? Ya ce mahaifinsa goma ya bari, in ya sauka ƙasa da haka da yawa ba zai iya zama a inda Sarkin Dawa yake zaune ba. Sai maƙwabcin ya karɓe, ya ce shi dai tun da satar shanu ta yi yawa, barcinsa a kan haushin Duna yake yin sa. Unguwar nan kaf karnukan Kawu ke gadinta, kuma ba wanda ya taɓa aiko da kwanon dusa. Ya faɗa da bakinsa, ya kuma yi shiru da ya ji abin da ya faɗa.

Laraba

Autan Kawu ne ke kai wa Bar-su abinci. An hana shi matsawa, da dogon kara yake tura kaskon. Inna ta gano Guguwa tana da ciki. Kwana 63 karya take yi, ke nan za ta haihu kafin ruwan farko. Tun kafin azahar mutum uku sun zo kama kwikwiyo, har da mai dogon karen nan na birni, ta waya.

Alhamis

Yau ce allurar yarinya ta biyu, sai aka haɗa tafiya ɗaya. Kawu ya yi shatar a-kori-kura: yarinya da ubanta a gaba, ni da shi da karnuka biyar a baya, za a sauke yarinya da ubanta asibiti mu wuce ofishin likitan dabbobi, a tambayo kuma ko mai ciki tana karɓar allurar. Sarkin Dawa ya aika wa masu karnuka na unguwanni, mutum biyu suka kawo nasu, sauran suka ce sai sun ga yadda na Kawu suka kwana, kada allura ta kashe musu gudu.

Kuɗin mota ne ya tsayar da mu. Na Kawu bai kai ba, ya leƙa cikin gida ya yi ƙasa da murya. Inna ta kwance bakin zane ta ƙirgo, amma ba ta miƙa ba sai da ta kafa sharaɗi a gaban maƙwabci da direba: cikin 'ya'yan Guguwa biyu nata ne, ita za ta yi musu kuɗi, kuma daga girbi mai zuwa duk gidan da ke barci da haushin Duna zai aiko da dusa. Maƙwabci ya ce kwano ɗaya duk wata. Ta ce biyu. Direba ya danna ham, Zamani ya tsinke igiya ya dira ƙasa, yara suka bi shi a guje ta bayan masallaci.